Jirgin Surukina

Ban taɓa ganin jirgin nan da idona ba, kuma ba na marmarin ganinsa. A waya aka nuna mini hotonsa. Wani guntun abu ne fari da baƙi mai gajerun fukafukai, ba taga ko ɗaya, yana tsaye a filin sauka, wasu mutane sun kewaye shi cikin kaya sun rufe har fuska kamar masu feshin maganin ƙwari. Na sojojin ƙasar nan Amurka ne. Roka ke ɗaukarsa ta kai shi can sama inda iska ta ƙare, ya yi ta kewaya duniya wata da watanni, wani zubin har shekara ta zagayo, sannan ya sauko da kansa ya tsaya. Babu direba, babu kowa a ciki. Abin da yake yi a can kuwa masu shi ba sa faɗa.

Ni direba ne. Shekara da shekaru ina kai marasa lafiya wankin ƙoda tsakanin Wheaton da Takoma Park, don haka dama can abin da ke tafiya ba direba ba ya burge ni. Amma ba wannan ya sa na tsane shi ba. Na tsane shi ne don ya shiga tsakanin yayana da 'yarsa.

Na ce 'yarsa, ko da yake ni na haife ta. Ita ce 'yar farina, kuma ana yaye ta na ɗauke ta na kai wa Yaya a Yamai, kamar yadda ake yi a gidanmu. Yaya shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini tuƙi, shi ya yi mini aure. Allah ya ba shi 'ya'ya maza, bai ba shi mace ba. Soja ne, makanike mai gyaran jiragen sojan sama, har ya yi ritaya da muƙamin ajidan. A kafaɗarsa yarinyar ta girma, da hannunsa mai warin man inji yake ba ta fura. Sai da ta kusa gama firamare takardunta suka fito ta biyo mu nan, ranar da za ta taho kuwa Yaya bai iya raka ta filin jirgi ba, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Har yau shi take kira Baba. Ni Dadi ne, kuma ban taɓa jin haushin haka ba. In na yi mata Hausa rabin amsar da Turanci take ba ni, amma in ita da Yaya ne a waya sai ka rantse jiya ta sauka daga mota. A da ba a yin mako ba su yi hira ba. Kowa a dangi ya sani ranar aurenta Yaya ne waliyyi, domin a wurinmu uba ba ya ba da 'yarsa alhali wansa yana raye.

Ta gama karatun jinya ta fara aiki, sai ga manemi. Ɗan wani likita ne mutumin Kano da ke zaune a Bowie. A nan aka haifi yaron, dogo, tsaf-tsaf, hafsa ne a soja. Yana jin Hausa, amma kafin ya haɗa jimla guda ka gama alwala. Ranar da ya fara zuwa ya miƙo mini hannu yana kallon tsakiyar idona, ya ce, "Ina wuni, Ankul." Na karɓi hannun don kada in ba yarinyar kunya.

Bayan an kawo ruwa na yi masa tambayar da kowane uba ke yi.

"Mece ce sana'arka?"

"Injiniya, Ankul. Kuma ina tuƙa jirgi."

"Madalla. A ina?"

"A Virginia."

"Virginia ai ba ɗaki guda ba ce. Wane wuri, aikin me?"

Sai ya yi murmushi ya koma Turanci, ya ce in yi haƙuri, ba a yarda ya yi magana a kan aikinsa ba. Na dube shi, na dubi mai ɗakina. A garinmu mutum biyu ne ba sa faɗin sana'arsu, ɓarawo da wanda ba shi da ita.

Bayan ya tafi yarinyar ta zo ta zauna kusa da ni ta buɗe wayarta, a nan na ga hoton da na faɗa. Ta ce iyakar abin da ita ma ta sani ke nan, yana cikin masu kula da wannan jirgi daga ƙasa. Ta ce ana maganar wata rana za a ƙera babba wanda zai ɗauki mutane, kuma burinsa a duniya ya kasance cikin waɗanda za a zaɓa su fara shiga. Tun yana ƙarami ba shi da zance sai sama.

Na ce, "Wato matuƙi ne wanda jirginsa ba ya bukatarsa."

Ta ce, "Dadi!"

Na shiga bincike, don ba a ba da 'ya a duhu. Na tambaya a masallaci, na tambaya a shagunan mutanenmu na Wheaton, na tambayi direbobi 'yan'uwana da suke kai mutane Bowie. Kowa ya ce yaron kirki ne, yana salla, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa jin sa da wata ba. Aikinsa fa? Kowa ya ɗaga kafaɗa. Na ɗauki mota na tafi wurin uban. Gida ne babba, ciyawar ƙofar an aske ta kamar kan jariri ranar suna. Likitan ya karɓe ni da fara'a irin ta wanda ke duba agogo a zuci. Da na kawo maganar aikin ɗansa sai ya jingina da kujera ya ce, "Wallahi Malam, ni kaina ban sani ba." Da alfahari ya faɗe ta, yana washe baki. Ban taɓa ganin uban da ke tinƙaho da rashin sanin inda ɗansa ke wuni ba sai ranar.

Na kira Yaya na kwashe komai na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka iya da yara ba. Haɗa ni da shi, ai ni ne mai bayarwa."

Ranar wata Lahadi bayan azahar yaron ya zo gaisuwa. Yarinyar ta riga ta koya masa, don wannan karon a ƙasa ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, har na ɗan ji sanyi a raina. Na kira Yaya, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na ajiye wayar a kan tebur. Aka yi gaisuwa, yaron yana tuntuɓe, Yaya yana tallafa masa.

"An ce mini kai ma mutumin jirgi ne," in ji Yaya. "Ashe abin na gida ne! Ni ma a ƙarƙashin jirgi na ƙarar da ƙuruciyata."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san yadda suke jan yaro mai kunya da hira. Kan sana'arsa ake bi, don a nuna masa an ɗauke shi da daraja. Yaya ya tambaye shi wane irin mai jirgin ke sha. Ya tambaye shi da me ake shafe cikinsa da ba ya ƙonewa in zai sauko. Ya tambayi abin da yake ɗauka a bayansa, ya kuma ce cikin raha, "In yana bi ta kanmu nan Yamai ka gaya mini lokacin, in fito tsakar gida in ɗaga masa hannu."

Ina kallon fuskar yaron tana canzawa. Ya matso kusa da wayar ya ce a hankali, "Baba, kai soja ne?"

"Ajidan mai ritaya, sojan sama!" Yaya ya faɗa da ƙarfi, ina jin yadda ya buɗe ƙirji daga can.

Yaron ya miƙe tsaye. Ya ce mu yi haƙuri, da Turanci, har sau nawa ban sani ba. Ya sa takalmi ya fita. Ga shinkafa da miyar taushe an jera, ko cokali bai taɓa ba. Yarinyar ta bi shi da gudu har wurin ajiye motoci. Yaya kuwa yana ta cewa, "Alo? Alo? Layin ne ya yanke?" Na ce masa e, layin ne.

Washegari yaron ya je ya kai kansa ƙara a wurin aiki. Ashe dokar aikinsu ce, in wani daga wata ƙasa ya tambaye ka sirrin aiki, balle wanda ya taɓa sa kaki, dole ka sanar. Har gobe ban ga laifinmu ba. Wa ya gaya mana? Shi da ya san yana ɗauke da irin wannan kaya, me ya hana shi tambayar wane ne zai gaisar kafin ya zauna? Matambayi ba ya ɓata, amma a ƙasar nan tambayar da tsoho ya yi wa mai neman 'yarsa ta zama abin kai rahoto.

Ana wata ga wata. Wata safiya ina shirin fita aiki aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata baturiya ce da kati a rataye a wuya, ta ce daga wurin aikin yaron aka turo ta. Ladabi kamar me, har takalmi ta cire da ta ga namu a bakin ƙofa, kuma wannan ladabin ya fi komai ƙona mini rai. Ta zauna a kujerata ta hau tambayata wane ne mutumin da ke Yamai, sau nawa muke magana, har yanzu yana shiga bariki, su wa yake hulɗa da su, wa ya fara ba shi labarin jirgin. Na ce mata mutumin da take tambaya a kansa hawan jini ke damunsa, abokan hulɗarsa kuwa tsofaffi ne da ke zaman dara a gindin bishiya. Na ce mata mu ne ya kamata mu bincike su, don mu za mu ba da mutum, su ba abin da za su ba mu. Ta yi murmushi ta ce ta fahimta. Ba abin da ta fahimta. Na makara wurin ɗaukar wata tsohuwa da nake kaiwa wankin ƙoda, ita ma ta sauke mini nata.

Aka ɗauke yaron daga teburinsa aka ajiye shi wani ofis har a gama dubawa. Sai ga likita a gidana, karo na farko, ya toshe wurin motar maƙwabcina da ƙatuwar motarsa. Bai ko gama zama ba ya ce, "Malam, yayanka ya kusa kashe wa ɗana aiki."

Na ce, "Likita, gaisuwa ce ke kashe aiki a wurinku?"

Ya ce ba faɗa ya kawo shi ba, shawara ce. A ɗaura aure a nan, ni in zama waliyyi, a bar maganar zuwa Yamai. Ita kuma yarinyar ta ɗan janye daga yawan waya da tsohon, na ɗan lokaci kawai, har a gama zaɓen waɗanda za su shiga sabon jirgin. Ya ce duk magana guda da aka yi da shi sai yaron ya sanar, kuma ranar zaɓe irin waɗannan ƙananan abubuwa ake dubawa.

"Wane jirgi?" na ce. "An ƙera shi?"

"Ana kan nazari."

"To saboda jirgin da babu shi kake so in tsige wanda ya yi mata tsarki tana ƙarama? Kai in aka ce ɗanka ya daina gaishe ka don wani ƙarfe da ke kan takarda, ka yarda?"

Ya ce, "Malam, nan Amurka ce."

Na ce na sani, na riga shi sanin titunanta. Na buɗe masa ƙofa. Ban raka shi ba, kuma ban yi da-na-sani ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, babu wanda ya hana su. Na tambayi wani ɗan garinmu da ya san irin waɗannan ayyuka, ya ce ba dokar da ta ce matar hafsa ba za ta gaida wanda ya riƙe ta ba, sanarwa kawai ake so. Tsoro ne. Yaron yana tsoron ranar da za a jera sunaye a ga nasa da ɗigo, uban kuma yana tsoron a ce ɗan likita ya faɗi. Da wannan tsoro nasu suka zo suna ciniki da zumuncinmu.

Na ce babu Yaya, babu aure. Yarinyar ba ta yi mini musu ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Ta dawo daga asibiti ta shige ɗaki, abinci sai uwarta ta tsaya a kanta. Wata rana na same ta a kicin tana wanke kofi guda ta ƙi ajiye shi. Ta ce, ba ta dube ni ba, "Dadi, ina son shi. Kuma Baba, Babana ne. Me zan yi?" Na fita na zauna a mota.

Ban gaya wa Yaya komai ba, amma zancen duniya ba ya ɓuya. Wata 'yar kasuwa da ke kai kaya gida ta kwashe labarin kaf ta kai wa matarsa. Ina zaune a ƙofar wurin wankin ƙoda ina jiran mara lafiya ya fito, sai ga kiransa. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Ashe ba layi ba ne ya yanke ranar nan."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Yaya."

"Na wakilta ka," ya ce. "Ka ɗaura mata aure."

"Yaya, wallahi ba zan yi ba. Su je da jirginsu. Maza ba su ƙare ba."

"Saurara. Yaron nan abin da ya yi daidai ne. Ni soja ne, da ni ne a wurinsa haka zan yi. Bakina ne ya ja masa."

"Bakinka bai yi komai ba! Hira ka yi da shi kamar ɗanka!"

"Ni ne babba ko kai?"

Tun ina yaro in ya yi wannan tambaya magana ta ƙare. Ya ce akwai saura. Daga ranar ba zai ƙara ɗaukar wayarta ba, har sai yaron ya samu abin da yake nema. Ya ce ya san ta, in aka bar mata zaɓi ba za ta iya dainawa ba, kuma mijin zai riƙa ganin ita ta tare masa hanya, irin wannan kuwa shi ke cin aure a hankali. Gara shi ya yanke daga can. Na yi ta roƙonsa har mara lafiyar ya fito yana jan ƙafa, dole na ajiye waya na je na kama shi.

An ɗaura aure ranar Juma'a a wani masallaci kusa da Takoma Park. Na zauna a gaban liman a wurin da ba nawa ba. Da aka ce waliyyi ya yi magana sai na ce na bayar. Likita yana ta raba dabino yana karɓar barka, babbar rigarsa tana shan iska. Mutanenmu na Nijar da suka san gidanmu ba wanda ya tambaye ni ina Yaya, kuma wannan shirun nasu ya fi tambaya ciwo.

Aka mayar da surukina teburinsa. Shekaru sun ɗan ja tun daga nan. Jirgin ya tashi ya sauko, ya sake tashi, kullum wayam. Wanda za a sa mutane a ciki kuwa har yau ana nazari. Wasu ma cewa suke ba za a taɓa ƙera shi ba, kuma ni da ban yi boko mai zurfi ba na ga dalilinsu. Abin da ke aikinsa ba ya cin abinci, ba ya neman iska, ba ya da mata da za ta yi kuka in bai dawo ba, wane ne zai ɓata shi da ɗan'adam? Na faɗa wa surukina haka a gaban kowa ranar wata Sallah muna cin nama a gidansu. Na ce gashi ya fara fari a gefen kansa, tsohon nan kuma ba ƙarami yake komawa ba, ya ɗauki waya ya gaishe shi, ya je ya sanar, in sama za ta faɗo ta faɗo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ankul, saura kaɗan." Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, yana kula da 'yata, ya saya mata gida a Bowie kusa da iyayensa. Duk na sani. In ya gaishe ni ina amsawa, amma ba na ƙara ko kalma a kai, kuma ba na jin zan ƙara.

Sun haifi 'ya mace. Yaya bai taɓa jin kukanta ba. Ni nake kwatanta masa ita, in ce goshin na gidanmu ne, ya yi ta dariya yana cewa Allah ya raya. Idonsa ya yi rauni yanzu, ba ya fita wurin dara, rediyo ce abokiyar zamansa. Mutumin da a da ba ya sauraron komai sai labarin damina da farashin gero, yanzu duk tashar da ta taɓo zancen sararin sama sai ya ce a yi masa shiru.

Kwanan baya na kira shi a wayar matarsa, don tasa ba ta cika jin magana ba. Ya tambayi lafiyar 'yarsa, ta yi ƙiba ko ta rame, aikin asibitin bai yi mata yawa ba. Sannan ya ce, "Na ji an ce jirgin ya sauko."

"Ya sauko, Yaya."

"Da mutum a ciki?"

"Babu kowa."

Can sai na ji wata waya ta fara ƙara kusa da shi.

"Ga ta nan tana kira," ya ce.

"Yaya, don girman Allah ka ɗauka."

Bai ɗauka ba. Muka zauna, ni a mota a Wheaton, shi a kan tabarmarsa a Yamai, muna sauraron wayar tana ƙara har ta gaji ta tsaya. Na ji ya ja hanci.

"Ka ce wa yaron ya dage," ya ce. "Ka ce masa ni ma jira nake."